Ranar da Aka Kaɗa Taken Ɗan'azumi

A shekarun ƙarshe na mulkin Nasara, tun ana ƙetare Kwara da jirgin fito kafin a kafa gada, aka kawo wa Gaya wani kwamandan mai son tarkace. Waɗanda suka gabace shi haraji suke so da aikin hanya, shi kuwa tsohuwar ƙwarya yake so da faifai da takobi mai tsatsa. Ya sa aka share wani tsohon sito na gyaɗa a kan tudun bariki, aka shafa masa farar ƙasa, aka jera akwatunan gilashi a ciki, aka ce sunan wurin muze. Wai wata babbar makaranta ta can bakin teku ce ta ɗauki nauyinsa, don masu ilmi su riƙa zuwa suna ganin yadda muke. Mutanen gari dai gidan gilashi suke ce masa. Duk wanda ya leƙa sai ya fito yana dariya, domin babu komai a ciki face ludayin da uwarsa ta yar da galmar da kakansa ya gaji da ita, kowanne an ajiye masa takarda a gindi.

Wanda ya tattaro kayan nan shi ne Halidu tafinta, ɗan Gaya haifaffen unguwar masunta, wanda ya je lakwal, makarantar Nasara, ya dawo da tabarau da wata irin tafiya ta mutumin da ke ƙyamar ƙasa. Mushe Halidu yake so a ce masa, irin yadda ake kiran manyan Faransawa, kuma in ba ka ce ba ba zai ji ka ba. Shi ya zagaya gari da labarin cewa manyan baƙi na tafe daga makarantar, za a buɗe gidan gilashi da kiɗa da waƙe-waƙe ranar kasuwa, kowace sana'a za ta nuna nata. A wajen mahauta, Na'Allah mai kalangu aka zaɓa.

To, a Gaya ta lokacin kowane babban mahauci yana da takensa, kuma ba a kaɗa shi don nishaɗi. In ka ji taken mahauci, labari aka ba ka: ya kayar da dabba, nama na rataye a rumfarsa, mai so ya taho. Mata kan jingine taɓarya su ɗauki akushi, masu fito su karkato da jirage. Tun kaka da kakanni ba a taɓa kaɗa take aka je aka tarar da rumfa wayam ba, domin mahaucin da hakan ta faru da shi ya gama yawo. Ko raƙumi ya yanka daga baya, cewa za a yi kalangunsa maƙaryaci ne, ba mai ɗaga ƙafa.

Na'Allah makaɗin Ɗan'azumi mahauci ne, kamar yadda ubansa ya yi wa uban Ɗan'azumi kiɗa. Taken ya fi na kowa daɗi a garin, kalangun cewa yake: na Zuwera, wuƙarka ba ta gaisawa da akuya. Kuma gaskiya ne, mutumin bai taɓa rataya komai a rumfarsa ba sai sa ko saniya. Amma ciwon huhu ya shiga shanun da ya sayo daga wajen Kamba ya share su a damina guda, rumfa ta rufe. Abin da ya rage masa jar saniya ce guda da ɗan maraƙinta. Da nononta matarsa Zuwera ke dama fura ta kai bakin fito, da shi gidan ke ci, da shi kuma ake shayar da jikansu wanda uwarsa ta rasu ta bari yana rarrafe. Ɗan'azumi jira yake ta sake haihuwa, maraƙin ya girma, ya samu abin tayar da rumfa. Shi kuwa Na'Allah, da ya yi shekaru yana cin tsokar wuya da hanta a gidan, domin su ne rabon makaɗi, tun ranar da wuƙa ta koma kube ya manta inda ƙofar take.

Ana jibi biki Ɗan'azumi ya haɗiye girmansa ya tafi gidan makaɗinsa. Ya same shi a gindin darbejiya yana ɗaure tsarkiyar kalangu, sanye da rigar aro wadda hannuwanta suka fi nasa tsawo. Suka gaisa, Na'Allah na amsawa yana kallon hanya, irin na mutumin da ke tsoron a ce a ba shi rance alhali ba a ce ba.

Ɗan'azumi ya ce, "Na'Allah, na ji Anasara sun kiraye ka, Allah shi ba da sa'a. Abu guda nika roƙonka. Ka kaɗa musu duk abin da kag ga dama, amma kak ka taɓa takena. Ka san abin da ke ɗaure bayan ɗakina, ita ɗai ta rage."

Na'Allah ya dafe ƙirji ya ce haba maigida, shi da ya ci tuwon gidan tun bai san dama da hagu ba. Ya rantse da kabarin ubansa, ya ƙara da na kakansa, ya ce hannun nan ya shanye in ya yi. Rantsuwar ta yi yawa har Ɗan'azumi ya koma gida yana kokwanto.

Ranar kasuwa aka jera kujeru a barandar gidan gilashi, wadda ke kallon kasuwa daga sama. Baƙin biyu ne: wani tsohon Bature mai gemu da lofe, da wata madam mai gajeren wando da akwatin hoto rataye a wuya. A gabansu aka kafa wata na'ura mai ƙafafu biyu suna juyawa, wadda Halidu ya ce tana haɗiye murya ta amayar da ita a Faransa. Kwamandan ya zauna a tsakiya yana murmushin mai gona. Maigari na gefe cikin manyan riguna, gumi na bin gemunsa, yana gyaɗa kai ga duk abin da aka faɗa kafin ma a fassara masa.

'Yan lakwal suka fara, suka rera waƙar Faransanci a kan wata ƙanƙara mai zubowa kamar auduga, abin da ko a mafarki ba su taɓa gani ba, rana kuwa na dafa musu ƙeya. Aka kawo mai goge, madam ta ce ya tuɓe takalmin roba da rigar kanti domin suna ɓata hoto, bawan Allah ya zauna tumbur daga cibiya zuwa sama yana goga abinsa. Masuntan Dendi aka jera su a kan benci da filafilai, suna tuƙa iska suna waƙar jirgi, ga kogin can ƙasa yana kallonsu. Sai wani malami da aka ɗauko daga Yelu ya tashi da waƙen wa'azi a kan mutuwa da kwanciyar kabari, waƙen da in ya rera shi a masallaci manya kan yi kuka. Baƙi suka yi ta murmushi suna kaɗa ƙafa. Yana tsaka da baitin da mamaci ke amsa tambaya zaren na'ura ya ƙare, Halidu ya ɗaga masa hannu ya ce ya isa. Aka tafa, malam ya zauna, aka bar mamacin a nan.

Da aka zo kan Na'Allah, ya fito yana jan hannuwan riga, ya durƙusa wa kwamandan har goshinsa ya kusa taɓa siminti. A gaskiya da farko ya so ya cika alkawari. Ya saƙala kalangu a hammata ya kama kiɗan 'yan mata na dandali, ya ce ai wannan shi ne kiɗan mahauta. Madam ta ji daɗi, mai gemu ya rubuta, da an bar su haka da sun koma da kiɗan 'yan mata a matsayin na mahauta har abada, babu wanda zai yi asarar ko kaza.

Amma ba a mugun sarki sai mugun bafade. Halidu ya ga an daɗe ba a dube shi ba, sai ya sunkuya ya raɗa wa madam cewa tsohon nan yaudararsu yake yi, mahauta na da wani kiɗa na ainihi wanda ba kowa ake nuna wa ba, shi ne ya san shi. Ya san al'adar sarai, uwarsa Saratu ta sha ɗaukar akushi a kan taken nan, amma tun da ya sa tabarau ya ɗauka duk abin da ake yi a garin wasa ne da ake jiran Nasara su zo su kalla. Idon madam ya kawo haske. Halidu ya juyo.

"Tsoho, madam ta ce na gaske taka so. Taken Ɗan'azumi za ka kaɗa. Kalangunka zai tahi har Faransa, a rubuta sunanka cikin littahi."

Na'Allah ya yi ƙasa da murya ya ce, Mushe, yau kasuwa ke ci, ga iska can ta nufa. Halidu ya ce to shi ke nan, ba dole, bari a aika a kira makaɗin Baƙo, shi ba zai tsaya duban iska ba. Baƙo shi ne mahaucin da ya gaje kasuwar tun rufewar rumfar Ɗan'azumi, kuma makaɗinsa yaro ne a wajen Na'Allah. Maganar nan ita ta kashe kabarin uba da na kaka gaba ɗaya. Na'Allah ya gaya wa zuciyarsa cewa a hankali zai kaɗa, iya baranda.

Sai dai mai gemu ya dubi allurar na'urarsa ya ga ba ta motsi, ya yi nuni da lofe a ƙara. Na'Allah ya ƙara. Hannun da ya daɗe yana ƙishin taken nan ya same shi, ya matse tsarkiya, kalangu ya buɗe baki ya kira na Zuwera da wuƙarsa yadda bai taɓa kira ba ko a ranar jajiberen salla. Yana direwa jaki ya yi kuka a bayan sito, mai gemu ya ce an ɓata masa zare, a sake. Ya sake. Madam ta ce ba ta samu hoton hannunsa ba, a kuma. Ya kuma, yana rausaya kai, idanu a lumshe, yana ganin sunansa a littafi.

A can ƙasa kasuwa ta tsaya cak, sannan ta motsa gaba ɗaya. Masu daddawa suka bar tallansu, matan da suka ƙetaro daga Malanbil suka kwance bakin zane, tsofaffi suka ce ai dama sun faɗa, gidan Ɗan'azumi ba ya mutuwa. Taken da aka maimaita haka, aka ce, ba ƙaramar dabba ya kayar ba. Aka ɗunguma zuwa tsohuwar rumfarsa, aka tarar da awaki kwance a ciki, sai aka zarce ƙofar gidansa da akusa da kwanoni.

Ɗan'azumi na tsakar gida yana tufkar igiya lokacin da ya ji. Bai tashi ba, bai kuma ajiye igiyar ba, har aka kaɗa na ƙarshe. Zuwera ta shigo a guje daga bakin fito, ƙwaryar fura a ka ko rabi ba ta sayar ba, ta ratsa taron da ke ƙofa. Ta ce masa ya fita ya gaya musu gaskiya, Na'Allah ne ke yi wa Nasara wasa a kan tudu, kowa zai gane. Ya ce mata kalangun bai ce wasa yake yi ba, sunansa ya kira, kuma garin nan kaf ya ji.

Ana cikin haka Baƙo ya aiko barorinsa da cinyar bijimi a kafaɗa. Suka tsaya a tsakiyar mutane suka faɗi saƙon da ƙarfi, wai maigidansu ya ce a rataya wannan a rumfa a rufa asiri, ai ɗan'uwa rabin jiki ne. Wanda ke son rufa maka asiri ba ya aiko da shela. Ɗan'azumi ya ce a mayar masa da abinsa da godiya, ya shiga ɗaki ya fito da wuƙar da ta shekara a kube, ya zauna a bakin dutsen washi.

Zuwera ta tsaya a kansa, jikan a goye. Ba ta ɗaga murya ba.

"Malam, sunanka za ni dama wa yaron ga gobe?"

Ya amsa yana washi. "In na hita na ce babu, Zuwera, ko maraƙin ga ya zama garke, wa zai taho in an kaɗa? Yau ɗai nika da ita, ko saniyar ko rumhwar."

Ni dai har yau ban san wanda ya fi gaskiya a cikinsu ba. Na san dai maza da sunansu sai Allah, na kuma san maganarsa ba ƙarya ba ce, domin na san mutanen garinmu. Abin da na tabbata shi ne babu ɗayansu da ya jawo wannan rana, kuma abin ya ba ni takaici. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma ran nan tsuntsun na can baranda a inuwa ana ba shi lemo.

Zuwera ta kwance maraƙin ta ja shi bayan rumbu don kada ya gani. Ɗan'azumi ya kwance jar saniya, ta bi shi ba gardama, ta ɗauka kiwo za a kai ta. Taron ya dare masa hanya, ana sa masa albarka, har wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa. Ya kayar da ita a mahauta shi da maƙwabta biyu, ya yi bisimilla ya yanka. Nono na zuba daga hantsarta lokacin da ake fiɗa.

Kafin a rataya cinya ta farko labari ya riga ya gangaro daga tudu. Masuntan da suka gama tuƙa iska sun sauko sun faɗi yadda aka yi, kowa a bakin rumfar ya san saniyar fura ce aka yanka, ya kuma san dalili. Kada ka ɗauka wani ya juya da akushinsa. Aka ce Allah sarki, aka ce kai Na'Allah bai kyauta ba, aka miƙa kwano ana cewa a ƙara ɗan kitse. Masu tausayin nan su suka fi kowa ciniki. Kafin la'asar babu abin da ya rage sai fata da ƙaho, da wani ƙunshi a ganyen ayaba da Ɗan'azumi ya ware tun farko ya hana kowa taɓawa.

Bai wanke hannu ba, bai sauya riga ba, ya ɗauki ƙunshin ya hau tudun bariki. Gardin da ke tsaron ƙofa ya ga jini ya ga fuskarsa ya kauce. A baranda an watse, saura baƙi da kwamandan suna shan abin shansu, Halidu na tsaye a bayansu. Na'Allah na zaune a ƙasa jikin ginshiƙi, an maƙala masa wani ɗan ƙarfen yabo mai ƙyalli a rigar aro, hammatarsa babu komai. Madam ta yaba kalangun ƙwarai har ta ce ba zai koma cikin ƙura ba. Ta taga ana hango shi a akwatin gilashi, tsakanin wani buzu da tukunyar taba, da takardarsa a gindi. An rubuta kalangun mahauta na Gaya, ba a rubuta sunan kowa ba.

Na'Allah na ganin maigidansa ya fara neman hanyar tashi. Ɗan'azumi ya sunkuya ya ajiye masa ƙunshin a gaba, ya buɗe ganyen, ga tsokar wuya ga hanta.

"Ga rabonka. Ka kaɗa, na yanka."

Madam ta tambayi abin da ke faruwa. Halidu, wanda fuskarsa ta ɗan sauya amma bakinsa bai sauya ba, ya bayyana mata cewa wata kyakkyawar al'ada ce ta mutanen nan, mahauci kan kawo wa makaɗinsa kyauta bayan kiɗa. Ta dafe ƙirji don daɗi. Ta ce a mayar da ƙunshin a sake miƙawa ta ɗauki hoto, ɗazu rana ta ɓata mata shi. Da ta ga mahaucin bai motsa ba sai ta ɗauka kunya ce, ta yi wata doguwar magana tana nuni da kasuwa. Halidu ya fassara yana kallon takalminsa. Wai ta yi baƙin cikin rasa ganin yankan, tana roƙo gobe da safe a maimaita komai tun daga farko, za a fito da kalangun a kaɗa, mata su taho da akusa, shi kuma ya yanka a gabanta.

Ɗan'azumi ya dubi madam, ya dubi kwamandan, ya dubi akwatunan gilashi, sannan ya tsayar da ido a kan Halidu.

"Ɗan Saratu, hwaɗa mata ba a maimaitawa. Saniyar guda ɗai ta."

Ban san abin da Halidu ya fassara ba, amma baƙin sun yi dariya, mai gemu ya rubuta.

Da magariba maraƙin ya fara kuka, bai daina ba har unguwa ta saba. Zuwera ta wanke ƙwaryar tatsa ta kife a kan rumbu, ta dama wa jikanta kunun gero tsagwaro, ya tofar, ta sake ba shi. Na'Allah kuwa ya naɗe ganyen ayabarsa ya sauka da shi ta bayan gari. Washegari aka gan shi a bakin kasuwa da ɗan ƙarfensa a ƙirji, yana sakace haƙori, yana gaya wa masu saurare cewa naman ya yi tauri, da ji ka san tsohuwar saniya ce.